Intanet da Koyar da Turanci: Abin da Zai Amfani Makarantun Birnin Gwari

Gabatarwa

Yaron da ya tashi a ƙauyukan Birnin Gwari ba ya bukatar a koya masa bambancin doka da maje. Ya san lokacin da ɗorawa ke fure, ya san ƙasar da ta dace da masara da wadda ta dace da doya, ya kuma san tsuntsun da kukansa ke nuna damina ta kusa. Wannan duk ilimin halittu ne, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Amma ranar da yaron nan ya zauna jarrabawar kammala sakandare, sai duk abin da ya sani ya bi ta ƙofar Turanci kafin ya isa ga mai duba takarda. Tambaya da Turanci take zuwa, amsa ma da Turanci ake son ta. Sau da yawa ɗalibi kan faɗi a darasin kimiyya alhali ya san amsar, bai dai fahimci abin da aka tambaye shi ba ne.

Lamarin bai tsaya nan ba. Ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci. A jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, Turanci wajibi ne ga kowa, ko mai neman likitanci ko mai neman aikin gona. Haka kuma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Masana na ta muhawara kan dacewar wannan mataki, amma ko ina aka tsaya, nauyin da ke kan malamin Turanci ya ƙaru.

A intanet akwai dubban darussa da ƙamusoshi da littattafai na kyauta. Tambayar ita ce: wanne daga cikinsu ne zai yi wa malami da ɗalibi aiki a wuri irin Birnin Gwari?

Halin da ake ciki

Birnin Gwari na yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga birnin Kaduna. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutane fiye da 250,000, warwatse a garuruwa irin su Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi. A nan Gandun Dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120.

Dajin da ya zama arzikin yankin shi ne kuma ya zama maɓoyar 'yan bindiga shekaru da dama. A ranar 15 ga Maris, 2021, aka sace malamai uku daga makarantar firamare ta Rama. Makarantu da yawa sun rufe, malamai da dama sun koma gari. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar gwamnati ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, ciki har da Birnin Gwari, domin aikin tsaro. A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin, aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe.

Wannan tarihi yana ɗauke da darasi ga duk mai shirin koyarwa da na'ura. Manhajar da ba ta aiki sai da layi mai ƙarfi da wuta a kowane lokaci ba ta yi wa ɗalibin Birnin Gwari komai ba a watanni biyun nan na 2021. Wadda aka riga aka sauke cikin waya kuwa ta ci gaba da aiki. Saboda haka ma'aunin farko shi ne: ana iya sauke abin sau ɗaya, a tafi da shi ƙauye? Ma'auni na biyu kuma shi ne: ya dace da yadda ƙwaƙwalwa ke koyon harshe? A nan ne kimiyya ke da abin faɗa.

Kunne kafin baki

Jariri kan zo duniya da kunnen da ke iya rarrabe sautukan kusan kowane harshe. A 1984 wasu masana biyu a Kanada, Janet Werker da Richard Tees, suka gwada jariran da iyayensu ke Turanci. Suka tarar 'yan wata shida zuwa takwas suna jin bambancin wasu baƙaƙen Indiyanci waɗanda babu su a Turanci, amma da suka kai wata goma zuwa sha biyu, yawancinsu sun daina ji. Ƙwaƙwalwa kan ƙarfafa hanyoyin jijiyoyin da ake yawan amfani da su, ta sassauta waɗanda ba a bi, kamar yadda turbar da aka daina takawa ke cika da ciyawa.

Wannan ne ya sa Bature ba ya jin bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "bari" da "ɓari". Shi ne kuma ya sa Bahaushe ke fama da wasu sautukan Turanci. Hausa na da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwan wasali biyu, "ai" da "au". Daidaitaccen Turancin Ingila yana da sautukan wasali ashirin. Harafin "f" na Hausa kan fito tsakanin "p" da "f", don haka "pan" da "fan" ke zame wa ɗalibi abu guda. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa aka cusa wasali aka sami "burodi" da "direba" da "birki". Wannan ba rashin basira ba ne, sabo ne na kunne.

Abin farin ciki shi ne sabon yana gyaruwa. A 1991 masu bincike a Jami'ar Indiyana ta Amurka suka horar da manyan mutane 'yan Japan kan bambance "r" da "l", abin da ke yi musu wuya ƙwarai. Suka riƙa sa musu kalmomi masu kama da juna daga bakin mutane daban-daban, suna gaya musu nan take ko sun yi daidai. Cikin makonni uku jinsu ya inganta. Sirrin shi ne yawan muryoyi: kunnen da ya ji murya ɗaya tak, ita kaɗai yake ganewa.

Malami ɗaya murya ɗaya gare shi. A nan intanet ke da babbar rana. BBC Learning English, wanda asalinsa darussan rediyo ne da aka fara a 1943, yana da gajerun hirarraki na minti shida da darussan furuci. British Council na da shafin LearnEnglish don ɗalibai, an tsara shi mataki-mataki, da TeachingEnglish don malamai. Ƙamusoshin Cambridge da Oxford na intanet suna furta kowace kalma da muryar Ingila da ta Amurka. Muryar Amurka ta fara shirin Turanci mai sauƙi a 1959, da kalmomi kusan 1,500, ana karantawa a hankali, ta tara dubban labarai ciki har da na kimiyya da lafiya da noma. A Maris 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin ayyukan gidan rediyon. Wannan ma gargaɗi ne: abin da ke intanet yau ba lallai ne a same shi gobe ba, wanda ya sauke shi ne ke da shi.

Ga ɗalibin sakandare amfanin wannan a fili yake. Takarda ta uku ta Turanci a jarrabawar WAEC tambayoyi 60 ne kan furuci, amma a rubuce ake amsa su. Ɗalibai da yawa kan haddace alamomin sauti ba tare da sun taɓa jin sautin ba. Minti goma na sauraro a farkon darasi ya fi awa guda na kwafar alamomi daga allo.

Mantuwa da maganinta

A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kansa. Ya haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya riƙa auna abin da ya rage masa bayan sa'o'i da kwanaki. Ya tarar mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci: bayan kwana ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku na wahalarsa ya tashi a banza. Ya kuma gano cewa maimaitawa da tazara ta fi maimaitawa a zama ɗaya amfani. Binciken da ya biyo baya ya nuna barci ma yana da hannu, domin a lokacinsa ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana, ta mayar da shi ma'ajiya mai ɗorewa. Almajirin da ke wanke allo bayan ya biya, ya kuma koma tilawar baya da asuba, ya daɗe da bin wannan ƙa'ida.

Manhajar Anki, wadda ta fito a 2006, a kan wannan aka gina ta. Akan rubuta kalma a fuskar kati, ma'anarta da misalin jimla a bayansa. Kalmar da ɗalibi ya tuna cikin sauƙi sai manhajar ta jinkirta dawo da ita, wadda ya manta kuwa ta dawo masa da ita da wuri. Kyauta ce a kwamfuta da wayoyin Android, kuma ba ta bukatar layi. Malami na iya shirya katunan aji guda ya tura wa masu waya.

Inda babu waya, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A 1972 wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya bayyana yadda ake yin haka da takarda. A yanka kwali ƙanana, a tanadi gwangwani uku. Na farko a duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku sau ɗaya a mako. Katin da aka sani ya ci gaba zuwa gwangwani na gaba, wanda aka manta ya koma na farko. Kalmomin da ya kamata a fara da su su ne na tambayoyin jarrabawa, wato waɗanda ke nufin "bayyana" da "kwatanta" da "lissafa" da "kawo dalili", domin su ne ke kayar da ɗaliban kimiyya.

Karatu mai yawa, mai sauƙi

Haddar kalmomi kaɗai ba ta sa a iya harshe. Kalma kan zauna ne idan an yi ta haɗuwa da ita cikin jimloli daban-daban. Paul Nation, masanin koyar da kalmomi a New Zealand, ya nuna a 2006 cewa mai karatu na bukatar ya san kusan kalmomi 98 cikin kowane 100 kafin ya karanta rubutu shi kaɗai ya fahimta, kuma karanta jarida ko littafin labari na manya na bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ma'anar wannan ga malami ita ce, littafin da ya fi ƙarfin ɗalibi ba ya koya masa komai sai tsoron karatu. A ba shi wanda zai iya, a ba shi da yawa, sannan a riƙa ɗaga shi sannu a hankali.

Irin waɗannan littattafai ne makarantun karkara suka fi rasa, su ne kuma intanet ta fi wadata da su. African Storybook, wanda wata cibiya ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, yana da dubban gajerun labarai masu hotuna cikin harsunan Afirka, har da Hausa, kuma da yawansu akwai su da Turanci. StoryWeaver na ƙasar Indiya, tun 2015, haka yake, an kasa littattafansa mataki-mataki. Duka biyun sun yarda a sauke, a buga, a raba, ba tare da biyan kuɗi ba. Kada ɗalibin aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya ji kunyar farawa da su.

Ga manyan ɗalibai akwai Wikipedia ta Turanci mai sauƙi, wadda manhajar Kiwix ke ba da damar a sauke ta gaba ɗaya a karanta ba tare da layi ba. A Maris 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussan da suka bi manhajar karatun ƙasa, da Turanci da Hausa da Ibo da Yarabanci. Akwai kuma Kolibri, wadda aka yi ta musamman don wuraren da babu intanet: a zuba darussa a kwamfuta ɗaya, ita kuma ta riƙa raba wa wayoyi da kwamfutocin da ke kusa da ita.

Malamin Turanci da na bayoloji za su iya haɗa kai a nan. Tun 1916 J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya, ƙamusun Bargery na 1934 kuma an ɗora shi a intanet. Ɗalibai na iya kawo sunayen itatuwan yankinsu, kamar kaɗanya da ɗorawa da doka, a nemo sunayensu na kimiyya, kowa ya rubuta jimloli biyar na Turanci kan ganye da ɓawo da amfanin itacen. Wanda ke rubutu kan abin da ya sani, harshen kawai ya rage masa ya yi fama da shi.

Fassarar na'ura da ƙirƙirarriyar basira

Google Translate ta sa Hausa cikin harsunanta a Disamba 2013. Tana taimakawa wajen gane kan zance, amma tana da rauni wanda ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na iya zama wurin zama ko na tuwo, "wuya" na iya zama na jiki ko wahala, "fari" na iya zama launi ko rashin ruwan sama. Na'ura sai ta yi hasashe, wani lokaci ta kuskure. Ban da wannan, ɗalibin da ya rubuta insha'i da Hausa ya ba na'ura ta juya masa bai motsa ƙwaƙwalwarsa ba, tamkar wanda ya aiki wani ya yi masa atisaye ne.

Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira sun fi wannan nisa. A watannin Yuni da Yuli na 2024 Bankin Duniya da gwamnatin Jihar Edo suka yi gwaji a birnin Benin. Ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare suka riƙa zama bayan an tashi makaranta, na tsawon makonni shida, suna koyon Turanci da Microsoft Copilot. A ƙarshe sun fi takwarorinsu da ba su shiga shirin ba ƙoƙari a gwajin da aka yi musu. Sai dai a lura da abubuwa uku. Malamai ne suka jagoranci kowane zama, suna nuna wa ɗalibai abin da za su tambaya da yadda za su gane kuskuren na'ura. Ɗaliban da suka fara da ƙarfi sun fi amfana. Sannan shirin ya dogara da kwamfutoci da wuta da layi. A Birnin Gwari, hanyar da ta fi sauƙi a yanzu ita ce malami ya yi amfani da irin wannan manhaja lokacin da ya sami layi, ta taya shi tsara gajerun nassoshi da tambayoyi daidai ƙarfin ajinsa, ya duba su da kyau ya gyara, sannan ya kai aji.

Daga intanet zuwa aji

Hanyar rarraba darussa ba sai an ƙirƙiro ta ba. A kowace kasuwa da tasha akwai masu cajin waya da masu tura fina-finai da waƙoƙi a katin ajiya, matasa kuma sun saba tura wa juna abubuwa ta Xender ko Bluetooth ba tare da data ba. Turbar da fim ke bi ya isa ƙauye, darasi ma zai iya bin ta.

Lissafin ma mai sauƙi ne. Sa'a guda ta magana da aka naɗa da matsakaicin inganci ba ta wuce megabait 30 ba. Ke nan katin ajiya mai gigabait 8 zai ɗauki fiye da sa'o'i 250 na darasin sauraro, abin da ya ishi makaranta shekaru. Bidiyo kan ci ninkin wannan sau da yawa, don haka a fifita sauti da rubutu. Abin da makaranta ke bukata shi ne waya ɗaya, da katin ajiya, da ƙaramar lasifika mai caji, da ɗan faifan sola. Malami ɗaya ya sauke lokacin da ya shiga gari, sauran su kwafa daga wurinsa. Ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai na iya ɗaukar nauyin wannan.

A cikin aji, a kunna hirar sau ɗaya a saurara kawai. A kunna ta biyu ɗalibai na bin rubutun da ido. Sannan a kashe lasifika, ɗalibai su zauna biyu-biyu, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ji, malami yana zagawa yana gyara. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington suka sa jarirai 'yan wata tara, 'ya'yan masu Turanci, suka saurari Sinanci har zama goma sha biyu. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi rarrabe sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a talabijin, ko aka sa musu muryarsu kawai, ba su koyi komai ba. Ɗalibin sakandare ba jariri ba ne, yana iya ƙaruwa da abin da aka naɗa, amma binciken ya nuna cewa tun asali a tsakanin mutane ƙwaƙwalwa ke ɗaukar harshe. Na'ura na kawo muryoyi da littattafai, malami ne ke sa ɗalibi ya buɗe baki.

Kammalawa

Makarantun Birnin Gwari sun yi asarar shekaru, ɗaliban da suka koma aji kuma jarrabawa ɗaya za su zauna da na Kaduna da na Legas. Jiran ranar da kowane ƙauye zai sami wuta da layi mai ƙarfi jira ne mai tsawo, yaran da ke aji a yau kuwa ba za su iya jira ba. Abin da ke hannu ya isa a fara: sauraro na minti goma a kowane darasi, katunan kalmomi da ake dubawa da tazara, da ɗan gajeren littafi ɗaya a kowane mako. Ɗalibin da ya riƙe littafi ɗaya a mako zai karanta fiye da talatin kafin shekarar karatu ta ƙare. Masu iya magana sun ce yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya.